Ranar da Na Ceto Matar Bature da Albasa

Ba zan taɓa mantawa da bikin rufe zango na makarantar su Hanifa ba. Ko na so mantawa, matan unguwarmu ba za su bar ni ba.

Hanifa ce 'yata ta fari, lokacin tana aji huɗu. Tun da muka baro Kakangi saboda 'yan bindiga muka dawo cikin garin Birnin Gwari hankalina bai kwanta ba, babur ya yi ƙara sai na ƙirga yara. Ga shi tana ƙarama zazzaɓi ya taɓa sa ta jijjiga har ta sanƙare a hannuna, don haka ko atishawa ta yi sai na taɓa goshinta.

Malaminsu, Malam Iliya, yana da wani wasan kwaikwayo da wani Baturen Ingila ya rubuta tun kafin a haifi kakanninmu. Ya mayar da shi Hausa, duk shekara shi ake yi, duk shekara kuma iyaye na dariya kamar ba su taɓa gani ba. Ni kuwa ban taɓa kallonsa ba. Labarin wani maigida ne mai cika baki da matarsa mai iyayi. (Ni a aji uku na tsaya, ban san Turawa ma suna fama da irin waɗannan ba.) A shekarar, Hanifa aka ba matar. Sati uku tana gwaji a bayan ɗaki, don wanda ya fi iyawa za a ba shi sabuwar jakar makaranta, ita kuwa a leda take zuba littattafanta. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, matan Turawan zamanin da, in abu ya ɓata musu rai, suma suke yi.

Daga kasuwa na wuce makarantar, da goyo da cefane. Hanifa ta fito da labulenmu a matsayin riga, da hular cocin maƙwabciyata Maman Ladi. Yaron da ya fito a mijin, da gashin bakin gawayi, ya ce ya gayyato baƙi goma cin abinci, ya manta bai gaya mata ba.

"Wallahi Baban Ladi ne wannan!" in ji Maman Ladi, tana dukan cinya.

Sai Hanifa ta dafa goshi, ta juya idanu, ta zube.

Ban san lokacin da na tsallake benci biyu ba. "Innalillahi! Jijjigar ta dawo!" Na zaro albasa daga cefane, na gatsa da haƙori, na danna mata a hanci. Na fizgi butar wani dattijo na juye mata a ka, har da hular mutane.

Idonta a rufe ta ce a hankali, "Umma, don Allah ki tafi, wasa ne."

Ni da na ji murya sai na ɗaga hannu sama: "Alhamdulillahi, ta farfaɗo!"

Mai gashin bakin gawayi ya so ya gyara, ya ce, "Hajiya, matata ce fa."

"Matar wa? Yarinyar aji huɗu?"

Nan filin ya ɓarke. Hedimasta har da riƙe ciki. Sai a lokacin na lura ni kaɗai ce nake kuka.

Yaron aka ba jakar. Kwana biyu Hanifa ba ta kalli inda nake ba, wannan ya fi mini dariyar ciwo. A na uku Malam Iliya ya yi sallama, ya ce, "Maman Hanifa, mai wasan nan ya daɗe a kabari, amma da ya gan ki da ya sa ki a ciki."

Ashe da gaske yake. Da shekara ta zagayo aka ƙara suruka mai albasa a wasan. Hanifa ce ta fito a ita, da hijabina, da irin gudun da na yi (ban san haka nake gudu ba). Ta dawo gida da jaka.

Yanzu na koyi darasi: in 'yarki ta faɗi, ki fara duba ko mutane na dariya. Amma albasa dai ban daina zuwa da ita ba.