Sarkin Burushi Ya Shiga Daji

"Ni da burushi rana ɗaya aka haife mu," in ji mai fentin allunan shagunan nan na bakin kasuwa, wanda ya laƙaba wa kansa Sarkin Burushi. Ka san irinsu ai, mutumin da zai rubuta maka sunan shago ya cinye harafi biyu, in ka yi magana ya ce salo ne. Da ya ji labarin wani tsoho gwanin zanen daji da fentin mai, sai ya rantse wa matarsa cewa kwana uku sun ishe shi ya kwashe ilimin tsohon kaf, har ya yi masa gyara.

Tsohon ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya nuna masa wani zane a bango: tsauni can nesa, kogi na gangarowa, itatuwa sun sunkuyo kan ruwa. Ya ba shi hoton zanen ya je ya kwaikwaya, ya ce ya fara da sararin sama, ya riƙa shafa fentin kaɗan-kaɗan, kuma ya jira ya bushe kafin ya ɗora wani.

"Jira ai na marasa baiwa ne, Baba," in ji gogan naka, yana cusa hoton a aljihu.

A gida ya fitar da kujerun falo, ya kafa ƙyallen zane. Man da ake sirka fenti da shi bai samu ba, sai ya faɗa kicin ya ɗauko man girki, wai mai ai mai ne. Sama da tsauni da kogi duk ya lafta su a zama ɗaya. Kafin yamma tsaunin ya narke ya zubo cikin kogi, kogin kuma ya malalo kan darduma. Matar ta leƙo ta tambaya ko zanen ambaliya aka ba shi. Ya ce mata abin ya fi ƙarfin idonta.

Ya kunna fanka don ya bushe, fanka ta kwaso gashin kyanwa ta manna wa itatuwa. Washegari ƙudaje suka sauka shan mai, suka maƙale. Ya ce tsuntsaye ne. Da ya ga dajin ba zaki, sai ya ƙara ɗaya daga kansa, zakin ya fito kamar akuya mai mura.

Rana ta uku ya gayyato surukinsa da maƙwabta, ya aika aka ɗauko tsohon, don a yi shaida a gaban jama'a. Tsohon ya daɗe yana kallon zanen, sannan cikin ladabi ya tambaya ina ne saman, ina ne ƙasan. Surukin ya sunkuyar da kai. Can sai idon tsohon ya kai kan wani tsumma mai dabbare-dabbaren fenti a bayan ƙofa. Ya ɗauka, ya ɗaga shi wajen taga, yana gyaɗa kai, sannan ya juya ga matar gidan.

"Ga gajimare, ga inuwar ruwa. 'Yata, wannan aikin waye?"

"Tsohon wandonsa ne, Baba. Da shi yake goge burushi."

Tsohon ya ninke shi a hankali, ya miƙa mata.

"To gobe ki turo mini wandon. Shi dai da alama zai koya."