Rasuwar Koriya Mai Buta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da ya riga zuciyar gajiya, ni Malam Ubale Direba na unguwar Kurayyat nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki, na nan Jidda da na gida, rasuwar Koriya Mai Buta. Ta cika ranar Alhamis da ta wuce bayan azahar, a cikin kabad ɗin gilashi na ɗakin baƙi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai santa ba, marigayiyar ƴar ƙaramar mota ce ta ƙarfe, ƙirar Ingila, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Irin motocin nan ne na rarraba kaya na zamanin da, masu rufaffen baya da talla a jiki. Ita tallar shayi take ɗauke da ita, da hoton buta mai tururi a kowane gefe. Rubutun da ke ƙasan butar ban taɓa iya karanta shi ba, ita ma ba ta taɓa tambayata ba. Wanda ya ce kayan wasan yara ce, to ya riƙe maganarsa har a share makoki.

Na same ta a Haraj, kasuwar gwanjo, cikin kwandon tsofaffin makullai, shekarun farkon zuwana ƙasar nan. Ina ganinta ƙafata ta ƙi gaba. Domin babbarta sak na tuƙa a Kano ina saurayi, koriya, mai buta, muna kai katon-katon na shayi kantuna ni da abokin aikina Na'ibi. Ni ke riƙe da sitiyari, shi ke sauke kaya. Da na zo Jidda sai iƙama, takardar izinin zama, ta ce ni lebura ne, lebura kuwa na zama. Na ƙare ƙarfina a ɗakunan ajiya na unguwar masana'antu ta Jidda, ina ɗora wa motocin wasu kaya, ban sake zama bayan sitiyari ba. Ƴaƴana a nan aka haife su, ba wanda ya taɓa ganina ina tuƙi. Sunan Direba da nake amsawa, a wurinsu laƙabi ne kawai, kamar a ce wa gajere Dogo. Ɗana Hashim, wanda yake zaune a unguwar Safa da iyalinsa da motarsa mai sanyi, in na ce masa ya sassauta kafin kwana, sai ya yi murmushi ya ce halas, wato shi ke nan, ya ƙara wuta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma yaron yanzu ba ya ma neman rimin.

To marigayiyar ita kaɗai ce shaidata a gidan nan, ga shi kuma ba ta da baki.

Halinta kuwa, sai dai a yi koyi. Ba ta taɓa neman mai ba. Ba ta taɓa neman kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar nan, ba. Ba ta taɓa tsayawa a hanya ta kunyata ni ba. Mun tashi daga gidan haya zuwa gidan haya da ita a aljihun rigata, ba ta ce wannan ɗakin ya yi mata ƙunci ba. Maganarta duka biyu ce. In na gara ta a kan faranti, ƙafar baya ta hagu ta ce ƙiiƙ, ƙiiƙ. In na rufe ƙofar bayanta ta ce ƙaras, sannan ta sake buɗewa da kanta a hankali. Babbarta ma haka take yi, shi ya sa ban taɓa ɗiga mata mai ba.

Ta daɗe tana fama da ciwon tsufa. Gumin tekun nan da ke cin ƙofar ƙarfe bai bar ta ba, fentin rufinta ya fara ƙuraje, fitila ɗaya ta dushe. Amma ba shi ne ajalinta ba.

Ajalinta ga yadda ya zo. Labari ya iso cewa Na'ibi zai zo umra, ɗansa ya biya masa, kuma zai sauka a wurina kafin ya koma. Duk duniya shi kaɗai ya rage wanda ya san babbar Koriya, ya kuma san wanda ya tuƙa ta. Na goge marigayiyar da auduga, na sa ta a sahun gaba. Na aika wa Hashim cewa ya zo da iyalinsa ranar, kada ya kawo min uzurin aiki. Ban faɗa wa kowa dalili ba. Na ce a raina gani ya kori ji.

Maiɗakina Hajiya Bara'atu, ƴar Hausawan Sudan ce, kuma duk wanda ya san su ya san ba a karɓar baƙo a gidansu sai ɗaki ya sha turaren wuta har bango ya ɗauka. Ta turara labule, ta turara matasai, ta turara dardumar. Sai ta ga kabad ɗin motoci shi ne abin da zan fara nuna wa baƙo, ta ce a ranta bai kamata ya buɗe ya ji warin tsohon ƙarfe ba. Ta sa kaskon turaren a ciki da garwashinsa, ta rufe gilashi don ƙamshi ya zauna, ta koma kicin. Garwashi ɗaya ya zamo ya sauka a rufin Koriya. Ina masallaci.

Da na dawo na tarar da ita fenti ya tashi, tagogi sun narke sun zubo kamar hawaye, ƙafafun gaba sun manne da katako. Butar nan ta gefe babu ita, sai baƙi. Garin neman gira an rasa ido. Ban yi faɗa ba, kuma ina roƙon kada wanda ya zo gaisuwa ya yi wa Hajiya wani kallo. Don girmama baƙona ta yi. Ta yi kukan da ni ban samu ƙarfin yi ba. Ƙamshi kuwa, gaskiya, ya zauna.

Marigayiyar ta bar ƴan'uwa a kabad. Akwai Ja Mai Biskit, wadda hayaƙi ya taɓa amma tana samun sauƙi. Akwai Shuɗiya Mai Sabulu, da Mai Man Takalmi, da tagwaye masu burodi waɗanda wani alhaji ya so ya tafi da su tsaraba na hana. Akwai kuma wata baƙa mai hoton ganga, wadda sai da jikata Wejdan ta yi boko ta karanta min cewa tallar giya ce. Tun ranar fuskarta na bango, kuma ba ta cikin magada. Dukansu an kwashe su zuwa saman sif, domin in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na'ibi ya iso washegari. Ashe duk gogewar da na yi mata a banza ce, idonsa ya tafi, sai an riƙe masa hannu. Ba wanda ya gaya min. Na ɗora masa gawar a tafin hannu. Ya shafa rufin, ya shafa gefe, ya kai babban yatsa ƙafar baya ta hagu ya murza.

Ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Ya tura ƙofar baya. Ƙaras. Ta buɗe da kanta.

Tsohon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya kira ta da sunanta ba tare da an faɗa masa ba. Daga nan bai yi shiru ba har shayi ya huce. Ya ba Hashim da iyalinsa labarin igiyar da yake ɗaure ƙofar babbarta da ita, da yadda nake shiga lungun Kantin Kwari da baya ba tare da na gogi ko buhu ba, da ranar da ruwa ya cinye hanyar Gusau manyan motoci suka tsaya ni na wuce. Ya ƙara gishiri a wasu wuraren, ban gyara masa ba. Wejdan tana juya wa ƙannenta da Larabci. Hashim yana zaune bakin ƙofa, wayarsa a kife.

Haka Koriya ta yi. Tana raye ba a saurare ta ba, sai da ta ƙone ta ba da shaida.

Game da jana'iza: ba za a yi salla ba, ƙarfe ne, kada wani ya ja min maganar malamai. An naɗe ta a ƙyallen tsohuwar hulata, an sa ta a gwangwanin shayi. Za a zauna karɓar gaisuwa a gidana gobe bayan la'asar. Akwai shayi. Babu turare, kuma wanda ya zo da shi zai koma da shi.

Jibi Na'ibi zai tafi da ita Kano a aljihunsa, a binne ta a Fagge, bayan tsohon garejin da aka kwance babbarta, in har wurin bai zama kanti ba. Hashim ne zai kai mu filin jirgi. Ya ce in zauna gaba in riƙa faɗa masa hannu. Na ce to, in na ga kwana zan yi magana.

Na sha cewa tare za mu koma gida da ita. Ta gaji da jira, ta riga ni. Allah Ya sa mu cika da imani.