Ofishinmu, Inda Ba a Tsufa

Ranar Litinin ina miƙa wa Babban Daraktanmu takardun taro, sai idona ya faɗa kan wuyan farar rigarsa. Wani ɗan baƙin tabo ne, daidai inda gemu yake gogawa. Ni ba gwanar magana ba ce, sai na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, an shirya ɗakin." A raina kuwa na ce, to, an sake yi wa gemu fenti, Allah Ya sa lafiya.

Masu karatu, ni ce sakatariyar Kwamitin Tsara Makomar Ma'aikata. An zaɓe ni ne saboda na yi jami'a, kuma ba na katse kowa. Aikinmu hangen nesa: wa zai tafi, wa zai gaje shi, wa za a horar. Mun sha kwana a otal a kan wannan, muka cika allo da akwatuna da kibiyoyi, kowace kibiya tana nuna sama. Matsalar ɗaya ce. Kafin na ƙasa ya hau, sai na sama ya tashi, a ofishinmu kuwa ba a tsufa.

Wallahi yabo nake yi. Ya kamata likitoci su zo su binciki iskar wurin nan. A lissafin hukuma, shugaban sashen sufuri tare ya shiga firamare da babban ɗansa. Mai Girma Darakta, Hasken Ma'aikata, ƙaninsa na ciki ɗaya ya yi ritaya tun bara, kuma tun daga ranar Darakta yake kiran ƙanin nasa Yaya.

Mutum ɗaya ne ya yi sakaci ya bar shekarunsa yadda Allah Ya ba shi, wato Baba Mataimaki. Tun ina sakandare yake mataimakin darakta, kuma baɗi zai yi ritaya. In Darakta ya tafi bana, kamar yadda kibiyarmu ta nuna, Baba zai ɗana kujerar ko da na 'yan watanni ne, jikokinsa su samu abin faɗa a makaranta. In bai tafi ba, shi ke nan.

Taron ranar na bankwana da Darakta ne. An kawo kek, an hura balan-balan. Baba ya zo cikin sabon ɗinki, ya sha guga har yana ƙara. Ya tsaya a teburina ya rage murya.

"'Yata, kujerar nan tasa, juyawa take yi, ko?"

"Tana juyawa, Baba."

"To a sa kafinta ya ɗaure min ita. Jiri nake ji."

Yana wucewa, Anti mai buga takardu, wadda teburinta ke manne da nawa, ta zungure ni.

"Ke, kin ga gemun kuwa?"

"Na gani, Anti."

"Mai shirin komawa gida ne zai tsaya rini? Ki zauna kusa da kek, yarinya, shi kaɗai ne tabbas a taron nan."

Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Darakta ya miƙe a hankali yana dafe da gwiwa, irin miƙewar samari.

"'Yan uwa, da niyyar tafiya na kwana. Sai ga wayar gwaggona da asuba. Ta ce ashe wanda aka haifa a shekarar da muke ta lissafi da ita ba ni ba ne, wana ne. Kama ce ta ruɗi mutane. Ni kaina na girgiza, amma wa zai ƙaryata gwaggo?"

Babu wanda ya ƙaryata gwaggo. Shugaban sashen sufuri ne ya fara tafi, yana cewa, "Allah Ya ƙara ƙuruciya, ranka ya daɗe!" Ni dai ina zargin gwaggon ma ba ta isa ritaya ba tukuna.

"Saboda haka zan ci gaba da sadaukar da kaina," in ji Darakta. "Kuma shugaba nagari ba ya bari ritaya ta riski na ƙasa da shi babu shiri. Na umarci kwamiti ya fara neman magajin Baba Mataimaki daga yau. Sakatariya, rubuta."

Na rubuta. Aikina ke nan.

"Kek ɗin nan ma kada a yi asara. Mun san darajar dukiyar jama'a. Mu mai da shi na bankwana da Baba tun yanzu. A kawo wuƙa, dattijonmu ya yanka mana."

Ku ji adalci, jama'a. A wani ofishin sai ka tafi ake tunawa da kai, mu kuwa tun kana zaune ake raka ka.

Aka shiga neman wuƙa, wannan ya ce tana wajen wancan. Baba ya miƙe, ya shafa gaban sabuwar rigarsa, ya mayar da kujerar robar da ya zauna a kai cikin layinta. Ya bi ta bayan masu tafi, ya buɗe ƙofa, ya jawo ta a hankali don kada ta dami taro.