Yadda Injin Fotokwafi Ya Tona Shekaruna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Tsaron Bayanai, garkuwar kwamfutocinmu, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mai kula da fayiloli a hawa na biyu, wanda teburinsa ke jingine da injin fotokwafi. Na rubuto ne in yi godiya kan tsaron da ka ɗora wa injin nan, tare da 'yan ƙorafe-ƙorafe da ba su taka kara sun karya ba.

Na ɗaya. Ka ce kada wanda ya sake tura takarda ta injin sai ya shigar da kalmar sirri mai harafi goma sha shida, kuma a sauya ta kowace Litinin. Ranka ya daɗe, ni da nake neman tabarau alhali yana kan hancina?

Na biyu. A duk hawan, mutum ɗaya ce ke iya haddace tata, wato jami'ar kula da ma'aikata, wadda muke kira Anti Doka. Takan shigar da ita da safe, ta bar mana injin a buɗe saboda tausayi, mu kuwa mu bi layi muna sa mata albarka. Ba wanda ya gaya mana cewa duk abin da aka tura, injin na jefa kwafinsa a imel ɗin mai kalmar sirrin. An ce wannan ma cikin tsaron ne. Madalla.

Na uku, kuma nan gizo ke saƙa. 'Yata ta roƙe ni in tura mata takardar haihuwata don cike wani fom. Ta gaskiyar na tura. Wadda ke cikin fayil ɗina ta ce shekarata hamsin da huɗu, wannan kuwa ta ce sittin da ɗaya, kuma ka san a sittin ake ritaya. Sirrin da na riƙe shekara ashirin, ina rina gemu, ina hawa bene da gudu gwiwa na kuka, injinka ya tona shi cikin daƙiƙa uku. Washegari Anti Doka, da kullum take ce mini Yaya, ta rusuna ta ce, “Baba, ina kwana? A kawo maka kujera mai laushi?”

Wallahi raina ya sosu, domin ina son aikin nan. Amma gaskiya ɗaya ce: jiya na ga saƙo mai cikakken tsaro. Takardar ritayata ce. Masinja ya kawo ta da hannunsa, cikin ambulan a liƙe, ba wanda ya leƙa. Ina ba da shawarar a duba wannan fasaha.

Af, albishirinka. Yau da safe na haddace kalmar sirrina, duka harafi goma sha shida. Wa zan miƙa wa ita?

Naka mai biyayya har ƙarshen wannan wata,
Mai kula da fayiloli,
ɗan shekara hamsin da huɗu, in ji fayil.