Ranar da Na Juyo da Bindigar Baba Gaiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, kuma ko na so in manta, akwai tsofaffi a unguwarmu Sabon Tasha ta Kaduna da har yau suke tuna mini da ido kawai. A shekarun tamanin ne, zamanin soja. Ina koyarwa a wata firamare, ga ƙuruciya, ga baki, ga wata kwat guda ɗaya tilo da nake ji da ita kamar ni na ƙirƙiro ɗinki.

A lokacin 'yan fashi sun sa unguwarmu a gaba. Masaƙun Kakuri suna ta rage ma'aikata, komai ya yi tsada, mutum ba ya iya barin keke a ƙofar gida ya shiga shan ruwa. Ana cikin wannan hali sai aka ce duk mai bindiga ba tare da izini ba ya miƙa ta ga 'yan sanda. To, unguwarmu cike take da mutanen da suka taso daga ƙauyukan kudu, kuma da yawansu sun zo birni da bindigar toka ta gado, tana jingine a bayan ƙofa. Nan da nan aka kafa ƙungiya don a roƙi hukuma ta bar wa mutane bindigoginsu. Wa aka naɗa kakaki? Ni mana. (Kada ka tambaye ni dalili. A wancan zamani in kana iya haɗa Turanci mai tsawo ba tare da ka yi tuntuɓe ba, ko ƙungiyar matuƙa jirgin sama ce za a ba ka muƙami.)

Tun taron farko ƙungiyar ta rabu biyu. Ɓangare ɗaya na Baba Gaiya ne, tsohon maharbi mai taurin kai, wanda ba ya son ko jin kalmar lasisi.

"Bindigar da kakana ya kashe ɓauna da ita," in ji shi, "ita zan je in durƙusa wa yaro sa'an ɗana ya ba ni izinin riƙewa? A bar mu yadda aka same mu."

Ɗaya ɓangaren na Oga Okoro ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri. Shi da 'yan kasuwa 'yan'uwansa suna so a bi hanya, a nemi lasisin bindiga mai baki biyu, a ajiye waɗancan tsofaffin ƙarafa da a ganinsa su ne suke ɓata mana suna.

"Baba, da girmanka," zai ce, "wannan abin naka ba bindiga ba ne, bututun famfo ne. Kafin ka gama ɗura masa garin albarushi, ɓarawo ya kai Gonin Gora."

Haka za a yini ana yi, kowa na cewa shi ne mai kishin unguwa, a tashi ba a tsayar da komai ba. Ni kuwa ina tsakiya ina zuba jawabi a kan 'yancin talaka na kare kansa. Wata rana da jawabin ya yi mini daɗi, sai na bugi ƙirji na ce, "Mu a gidanmu da ƙarar bindiga aka yaye mu!" Aka tafa. Gaskiyar magana, mahaifina ɗan bishara ne, makaminsa littafin waƙoƙi. Abu mafi girma da na taɓa kashewa a duniya kaza ce, ita ma matata ce ta riƙe mini ƙafafun.

Bayan sintiri mai yawa, babban ɗan sandan yankinmu ya yarda zai zo ya gani da idonsa. Mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce in ya ga masu bindigogin nan mutane ne masu natsuwa, sun san abin da suke riƙe da shi, zai yi magana a sama a bar musu kayansu. In ba haka ba, a ranar zai kwashe. Aka shirya za a fito da bindigogin duka a filin bayan coci, a jera masa, sannan a harba guda ɗaya ba harsashi, ya ga yadda ake sarrafa ta.

Sai rigimar wa zai harba ta tashi. Oga Okoro ya rantse in maharbi ya yi harbin, su 'yan kasuwa ba za su zo ba, domin za a ce ƙungiyar ta masu toka ce kaɗai. Baba Gaiya ya ce in ɗan kasuwa ya taɓa bindigarsa, gara ya jefa ta a kogin Kaduna. Ana ta hayaniya sai wani ya ce, "To ga Malam. Ba ya ɓangaren kowa, kuma ɗan gado ne." Karo na farko tun da aka kafa ƙungiyar, hannun kowa ya tashi sama. Ni kuma, wawan Allah, har da miƙewa in yi godiya.

Da na koma gida na faɗa wa matata, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Baban Rahila, kai da ko tayar mota ce ta fashe a titi sai ka riƙe ni? Don Allah je ka wurin Baba ya nuna maka."

Na je kuwa. Na same shi a ƙofar gida da mutane, suka matsa mini wuri suna cewa ga kakaki ya iso. Ta yaya zan buɗe baki a gabansu in ce a nuna mini inda ake sa yatsa? Na yi musu hirar siyasar duniya, na sha kunu, na dawo gida yadda na tafi.

Ranar Asabar ɗin da safe aka yi ruwa sosai, sai wajen la'asar gari ya washe. An kafa rumfa, an ɗebo bencuna daga coci, matan zumuntar cocin sun zo da anko, maharba sun shimfiɗa tabarmi sun jera bindigoginsu an goge su da mai. Babban ɗan sanda ya zauna a gaba, kakinsa a goge. Na yi jawabi, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Na ce bindiga a hannun mai hankali ba ta fi fartanya haɗari ba. Na ga ya gyaɗa kai.

Baba Gaiya da kansa ya ɗura tasa. Ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Damina ce, Malam. Ka san halinta."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ban sani ba. Abin da yake nufi, wanda daga baya kowane yaro a unguwar ya yi mini bayaninsa kyauta, shi ne in albarushi ya sha sanyi, bindigar toka takan yi jinkiri. Za ka ja kunama ta yi shiru, wuta na cinta a ciki a hankali. Mai hankali sai ya ci gaba da nuna ta daji ya jira.

Na juya wa jama'a baya, na fuskanci gonar masarar da ke ƙarshen filin. Bindigar ta fi yadda nake zato nauyi. Na runtse ido, na ja. Sai na ji ƙyas, daga nan shiru.

Can daga bencin 'yan kasuwa wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Wannan dariyar ce ta kashe ni. Kunya ta rufe ni, na ji dole in nuna ba laifina ba ne. Sai na juyo gaba ɗayana, bindiga a ƙirji, bakinta a miƙe, ina cewa, "Baba, ba ta tashi ba fa!"

Bakin bindigar ya bi ta kan matan zumunta, ya wuce fasto, ya zo ya tsaya daidai kan babban baƙonmu. Na ga idon mutane sun firfito ban gane dalili ba. Baba Gaiya ya daka tsawa, "Sama! Ɗaga ta sama!" Ɗan sandan ya yi tsalle daga kujera ya kife a cikin taɓo. Ni kuma na ɗan ɗaga hannu don tsawar ta firgita ni, sai ta tashi.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Hayaƙi ya turnuƙe, tsumman ya tafi da wuta ya huda rumfa. Bindigar ta doke ni a ƙirji na zauna daɓas a cikin ruwa. Abin da na yi bayan nan ba ni da shaidarsa sai ta mutane: wai na wurgar da ita, na kira sunan mahaifiyata sau da yawa, na rarrafa na shige ƙarƙashin benci inda na tarar da matar fasto ta riga ni. (Har ta rasu, matar nan ba ta sake amsa gaisuwata da baki ba.)

Cikin ikon Allah ba wanda ya ji ciwo. Ɗan sandan ya tashi, gaban kakinsa duk jar ƙasa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ina fitowa daga ƙarƙashin benci, ya dubi shugabannin ƙungiya, ya ce a hankali, "Wannan shi ne wanda duk kuka fi yarda da shi?"

Ya yi wa yaransa alama, kuma mun riga mun sauƙaƙa musu aiki tunda ga bindigogin nan a jere kan tabarmi. Baba Gaiya bai bari kowa ya taɓa tasa ba. Ya ɗauko ta daga inda na yar da ita, ya goge taɓon da bakin rigarsa, ya kai ta bayan motar 'yan sanda da kansa, ya kwantar da ita. Ya wuce ta gabana ko kallona bai yi ba. Maganar lasisin su Oga Okoro ma a ranar ta mutu.

Na yi makonni ina bin lungu zuwa makaranta. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa sai daga baya na ji shi. Na je Kakuri sayen wani abu, Oga Okoro ya kira ni shagonsa, wai zai ba ni haƙuri.

"Tisha, kar ka damu kanka," ya ce. "Ai duk mun san ba ka taɓa harbi ba. Baba ma ya sani, garinku ɗaya da matarsa. Amma ka gane, gara kai da su. Su ma haka suka ce, gara kai da mu."

Ashe ba yarda aka yi da ni ba. Manyan mutane masu furfura, kowa ya gwammace ya sa bindiga mai albarushi a hannun wanda ya san bai iya ba, a gaban mata da yara, da ya bar ɗan'uwansa ya samu suna. Laifina na ɗauka, ban musa ba. Amma har yau in na tuna yadda hannuwan nan suka tashi sama tare, raina ɓaci yake.

Bayan 'yan shekaru Baba Gaiya ya rasu. A al'adarsu, in za a binne maharbi sai an sallame shi da harbi a bakin kabari. Na je jana'izar na tsaya daga baya. Fasto ya gama addu'a, aka zo wurin da ya kamata bindiga ta yi magana, tsofaffin maharba suka tsaya hannu a sake, babu sauran bindiga ko ɗaya a unguwar. Wasu suka waiwayo inda nake, sannan aka fara tura ƙasa.

Tun daga nan, duk taron da na ga kowa ya yarda da ni ba gardama, nakan ɗauki hulata in tafi gida, domin na san wani ake ƙi, ba ni ake so ba.