Yaƙin Sallau da Ƙarfen Tirela

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin sadauki Sallau ɗan Nomau, jikan Cindo wanda ya taɓa korar biri daga gonar masara da tari kaɗai, tattaɓa-kunnen Jatau mai rijiya biyu, ɗaya har da ruwa. Sallau garnaƙaƙin fadamar Kwarin Gauta, uban tumatir, dodon tsutsa, ma'abocin tirela guda wadda ake ɗaura wa taraktan haya.

A shekarar da tumatir ya yi albarka har kwanduna suka yi ƙaranci, sai musiba ta sauka. Aksil ɗin tirelar, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin biyu, ya karye ras a tsakar gida, alhali an riga an tsinke tumatir yana jiran kasuwar Laraba. Da aka faɗa wa jarumin kuɗin sabon aksil, ya yi salati ya nemi wuri ya zauna. Da ya farfaɗo, ya sayar da ragonsa, ya ƙudura azamar kai farmaki kasuwar 'yan gwangwan da ke birni, inda tsofaffin ƙarafa ke kwance kamar gawarwakin mayaƙa.

Uwargidansa Kande ta ce, "Malam, ka aro tef wajen tela ka auna mana."

"Ni da na gaji awo kaka da kakanni?" in ji Sallau. Nan take ya zaro makaminsa, robar ɗaurin kaya wadda aka yanko daga tsohon tub ɗin mota, ya shimfiɗa ta a kan karyayyen ƙarfe, ya ƙulle ta daidai inda ƙarfen ya ƙare, ya cusa a aljihu.

Ya keta garuruwa a bayan a-kori-kura, ya jure ramukan hanya da haƙuri irin na waliyyai, har ya iso rumfar wani dillalin ƙarfe mai suna Tasi'u. Tasi'u ya karɓi robar cikin ladabi ya ce, "Riƙe can, Alhaji," sannan ya ja nasa ɓangaren. Wani abin al'ajabi ya bayyana: duk aksil ɗin da aka gwada, dogo da gajere, sai ƙullin ya faɗa daidai bakinsa. Sallau ya ɗauki wannan a matsayin bushara. Da yake farashinsu ɗaya ne, shi kuma ba ya wasa da dukiyarsa, ya zaɓi wanda ya fi kowanne yawan ƙarfe.

Ya komo da ganimarsa aljihu wayam, zuciya fal farin ciki. Ilu mai walda ya tsuguna ƙarƙashin tirela, ya dubi ƙarfen ya ce, "Kamar ya ɗan yi tsawo fa."

"An auna!" Sallau ya daka tsawa, Ilu kuwa ya kunna wuta.

Ranar Laraba da hantsi aka yi lodi, kwando kan kwando har sama. Rundunar maƙwabta ta yi sahu, taraktan haya na ruri a waje, sadauki ya hau turmi ya yi kururuwa, "Ku tura, mazaje!" Suka tura da ƙarfin imani, tirela ta taho cikin haiba da ɗaukaka, ƙasa na girgiza, kaji na neman mafaka, har ta iso ƙofar gida, inda tayar dama ta daki katangar masallaci, ta hagu ta daki ɗakin mahaifiyar Sallau. Babu wanda za a rushe a cikin biyun, babu kuma kuɗin hayar wata mota.

Sallau bai girgiza ba. Ya zaro robar a gaban shaidu, ya auna aksil, ta yi daidai. Ya auna ƙofa, ta yi daidai. Mai tarakta ya yi masa jaje ya tafi.

Da la'asar Kande ta ɗauko wuƙa, ranta a ɓace, ta fara yanka tumatir tana shanyawa a bayan tirela. Masana sun haɗu a kan cewa ba a taɓa ganin mashanyar kauɗa mai ƙarfin aksil irin wannan ba. Da kauɗar ta bushe aka zuba ta a buhu, Kande ta ɗaure bakin da robar, ta kuma yi daidai.