Ranar da Aka Ce In Ɗaga Baba

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba, ranar da bakina ya kusa jawo wa mahaifiyata asarar taimakon da ta shekara biyu tana roƙon Allah ya kawo mata.

Babanmu tsohon soja ne, da muƙamin saje ya yi ritaya. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, ɓangaren dama gaba ɗaya, har maganarsa ta koma sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane. Tun daga lokacin Umma ce komai nasa: wanka, alwala, juyi a kan gado, kai shi bayan gida. Mace ce 'yar ƙarama, ta haura sittin, kuma bayanta ya fara ciwon da idan ta sunkuya sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Ni kuwa, ɗan fari, ina Darmanawa da iyalina, nakan zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, riƙe da ledar lemo da ayaba. In tsuguna daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya ɗaga min hannun hagu, shi ke nan an gama ziyara. (Kada ku ga laifina duka. Baba irin mutanen da ne masu alkunyar ɗan fari, ko sunana bai taɓa faɗa ba, "wancan yaron" nake har furfura ta fito min a gemu. Na sha kwaɗayin in zauna kusa da shi kamar yadda ƙannena suke yi, ban dai taɓa sanin ta inda ake farawa ba.)

Sai wani tsohon abokin aikinsa ya kawo labarin cewa gwamnati ta fito da wani shiri, ana turo wa tsofaffin sojoji marasa lafiya mai kula da su har gida, ya yi musu wanka, ya motsa musu gaɓoɓi, ya rage wa iyali ɗawainiya. Ni na cike takardun, tunda ni ne ɗan bokon gidan. Aka ce za a turo ma'aikaciyar jinya ta ga halin da ake ciki kafin a yanke hukunci.

To, a nan ne wayona ya motsa. A wurina baƙuwa ce za ta zo, kuma gidan mutunci ba ya barin baƙo ya ga gazawarsa. Da sassafe na dira. Na tura fo ɗin da Baba yake biyan buƙata a ciki can ƙarƙashin gado, na cire ledar da ake shimfiɗa wa Baba, na kwashe tulin zannuwan da ke jiran wanki na jibge a bayan gida. Na kira wanzami ya yi masa aski da gyaran fuska, na sa Umma ta saka masa farar shaddarsa ta Sallah (ku lura, ita ta saka masa, ni ina tsakar gida ina ba da umarni), aka turare ɗakin har ido yana yaji. Da na gama na ce mata ta koma ɗakinta ta huta, ta bar min maganar, irin waɗannan mutanen sai wanda ya san kan ofis.

Wajen ƙarfe goma Sista Rabi ta sauka daga adaidaita sahu, dattijuwa mai tabarau da jakar takardu. Ta gaida Baba da girmamawa, ta zauna ta fara tambaya. Yaya jikin? Na ce da sauƙi sosai, alhamdulillahi. Yana samun barci? Na ce kamar jariri. Wa yake yi masa wanka? Nan take na hango ta ta koma ofis tana ba da labarin 'ya'yan saje da suka watsar da ubansu a hannun tsohuwa. Sai kawai na ji bakina ya ce ni ne. Wa yake ɗaga shi zuwa keken guragu? Na ce ni mana, safe da yamma, ai ba ma barin wa kowa.

Ta gyaɗa kai ta sa min albarka. Sannan ta ce madalla, domin masu kulawar ba su da yawa, ana fara turawa ne gidajen da babu mai ƙarfin ɗaga mara lafiya, tunda mu Allah ya rufa mana asiri za ta sa sunan Baba a sahun baya. Daga bayan labule na ji ajiyar zuciyar Umma. Kun san me na yi? Murmushi na yi, na ce babu komai.

Ta ɗora biro a kan takarda, sai kuma ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Kafin in rubuta, Malam, ɗan nuna min yadda kake ɗaga shi, in ga ko akwai gyara."

Na cire hula, na naɗe hannun riga kamar wanda ya saba. Na jawo keken kusa da gado, ban san yana da birki ba balle in danne shi. Na kama Baba ta hannun da ya shanye, hannun ya zame min. Na sake rarumo shi ta ƙugu na yunƙura da dukkan ƙarfina. Ashe mutumin da nake gani ya rame ƙashin soja yana nan daram. Ƙafata ta ture keken, ya gangara ya daki ƙofa, ni kuma na tafi da baya na zube a kan tabarma, Baba a kan ƙirjina, hannuwana biyu a rungume da shi.

Ina jin numfashinsa a wuyana, da ƙamshin sabulun askin da aka yi masa. Sai na ji jikinsa yana girgiza, na zaci ciwo ya ji, ashe dariya yake. Da harshensa mai nauyi, amma tar yadda Sista ta ji, ya ce:

"Rabon da in riƙe yaron nan haka, tun ranar kaciyarsa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, in ja tabarmar in rufe.

Sai ga Umma ta shigo. Ta jawo keken, ta danne birki da ƙafa, ta sa Sista ta taya ta zaunar da shi. Sannan ta tokare gwiwarsa da tata, ta ɗora hannunsa mai lafiya a kafaɗarta, ta ce, "Bismillah, Saje." Yunƙuri ɗaya sai ga shi a zaune a keken. Ita kuma ta tsaya a sunkuye, ta lalubi bango ta dafa, ta daɗe kafin ta miƙe. Sista Rabi ba ta ɗauke ido daga kanta ba. Daga nan ta juyo gare ni, ina zaune a ƙasa ba hula, ta sake tambayata wa yake ɗaga shi. Na ce Umma ce. Wa yake yi masa wanka? Umma ce. Har fo ɗin sai da na jawo na nuna mata, ba tare da ta tambaya ba.

Bayan 'yan makonni aka turo mana mai kula, Malam Sani, yana zuwa kullum da safe, Umma ta samu ta fara zuwa asibiti don bayanta. Na ajiye girman kai na roƙe shi ya koya min. Na koma biyowa kafin in wuce aiki, in tokare gwiwar Baba da tawa, ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Wani lokacin yakan bar hannun a wurin bayan ya riga ya zauna, ni ma sai in ƙi motsawa. Wata takwas muka samu a haka, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Darasin dai na ɗauka: "da sauƙi" ta gaisuwa ce, ba a ba wa mai riƙe da biro ita. In kuma dole sai ka ci gumin mahaifiyarka a gaban baƙi, to ka fara tambayar inda birki yake. Yau duk zuri'armu babu wanda ya kai ni iya ɗaga mara lafiya, har daga maƙwabta zuwa ake yi a kira ni. Ina zuwa, ina ɗagawa, ana sa min albarka. Amma wanda na koya dominsa, sau ɗaya kawai nake so a ƙara ba ni shi, ko da faɗuwa za mu sake yi.